Shagon kifin ado a Garwa: abin da zan sake saya, da abin da na yi rantsuwa a kai

Wata goma sha huɗu ke nan ina zirga-zirga a wani ɗan shagon kifin ado da ke nan Garwa, kuma tun da maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga suna tambayar inda na samo "kifayen nan masu jan zani", na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta da maimaici. Ba zan kama sunan shagon ba, don akwai inda zan yaba, akwai kuma inda zan taɓa, mai shagon kuwa yaro ne da nake jin nauyin mahaifinsa.

Ni tela ne. Ɗinkin angwancinsa na kai masa a watan Disamban 2023, na tsaya jiran cikon kuɗina, idona ya faɗa kan wani jan kifi mai kumburarren kai yana yawo a gilashi kamar basarake ya sha rawani. Cikon kuɗin bai iso gida ba, a shagon ya kwana.

Shagon ɗaki ɗaya ne siriri, akwatunan gilashi layi biyu, sai tsakar gida ta baya inda ya gina kwatami uku na siminti ƙarƙashin rumfar zana. Abin da ake gani a gaba don masu wucewa ne. Kifin kirki yana baya, kuma ba zai kai ka can ba sai ya ga da gaske kake. Kayansa daga Duwala suke tasowa cikin ledoji da aka hura wa iska, su kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, sannan mota ta gangaro da su. Saboda haka ba ya odar kifi da bazara, sai da damina ko lokacin sanyi. Wanda ya je a watan Afrilu ya tarar da rabin akwatunan wayam, kada ya ce shagon ya karye.

Masu Faransanci na kiran kifin puwason ruj, mu kuma kifin zinariya ko kifin ado. Asalinsa ƙasar Sin, inda aka fara ware masu launi daga wani kifin kogi mai ruwan toka sama da shekara 1000 da suka wuce, daga baya Japanawa suka karɓa suka ƙara gyara. Irin da yake kawowa huɗu ne: oranda mai tsiron nama a ka, ryukin mai doro, mai fitattun idanu da ake kira teleskof, sai ranchu, dunƙulalle kamar ƙwai wanda ba shi da fiffiken baya ko kaɗan. Na ɗauki oranda uku, mace ɗaya maza biyu, a kan sefa 24,000. Da tsada, ba na musu. Amma shi ya zauna ya zaɓa mini, ya juya kowanne a tafin hannu cikin ruwa, ya nuna mini fararen ƙuraje ƙanana kamar tsakin gero a marfin kumatun mazan da gaban fiffikensu na ƙirji, ya ce alamar namiji ne da ya isa barbara, ba ciwo ba. Akwai wata mace da ta fi kyan launi wadda na so, ya hana ni.

"Baba, bar wannan. Dube ta daga sama, jelar ta karkata hagu. 'Ya'yanta za su ɗauko."

Mai sayar da kaya ya hana ka sayen wanda ya fi tsada, ai ka san ka samu wurin komawa.

Inda muka fara saɓawa shi ne akwatin gilashi. Ya sayar mini da mai lita 60, dogo a tsaye, da fitila shuɗiya da duwatsu masu launi da wata bishiyar roba. A falo gwanin kyau. Ga kifi uku masu girman rabin tafin hannu kuwa kurkuku ne. Kifin nan ci gare shi kamar gara, kashi kuma daidai cin, kwana biyu ruwa ya yi dishi-dishi. Iska ta saman ruwa take shiga, don haka faɗin baki ake nema a mazubi, tsayi ba ya ƙara komai. Shi ma ya san haka sarai, tunda nasa kifayen na kirki a kwatami suke. Da na yi masa ƙorafi sai ya yi dariya ya ce mutane gilashi suke tambaya. Har yau yana sayar da ƙananan tulunan gilashi masu zagaye ga iyayen da yara suka dama, kuma kifin da ya shiga irin wannan tulu a zafin Garwa da wuya ya ga wata biyu. Wannan ban yafe masa ba. Akwatina yanzu uwargida ta mayar da shi ma'ajin zare da maɓallai, kifayen suka koma manyan bahon roba biyu da na sayo a babbar kasuwa da kuɗin da bai kai sulusin na gilashin ba.

A ƙarshen Janairu, da sanyin asuba ya fara sassautawa, mazan suka shiga korar macen suna tunkuyin cikinta. Kifin nan sanyi yake so ya ratsa shi tukuna, in ruwa ya fara ɗumi zuwa wajen digiri 20 sai ya yi ƙwai. A nan garin tagar ƴar ƙarama ce, daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, bayan nan wuta ce. Ƙwan yana da danƙo, wurin maƙalewa yake nema. Mai shagon yana sayar da wani buroshi kore na musamman, na duba kuɗin na ajiye masa abinsa. Na dawo shago na yanki zaren ulu na roba tsawon kamu ɗaya, na ɗaure tufka-tufka a jikin murfin gora, na tafasa, na jefa a baho. Saiwar kainuwa ma tana yi, sai dai tana zuwa da ƙwari daga kududdufi. Washegari da na dawo sallar asuba zaren ya cika da ƙwai ƙanana masu sheƙi, na kwashe shi zuwa wani baho daban nan take, don iyayen ba su san ɗa ba, cinye abinsu suke yi.

Waɗanda ba su ɗauka ba suka yi fari suka fara gashin fumfuna, na tsince su da hantsakin cire zare. A kwana na huɗu sauran suka ƙyanƙyashe, wasu ƴan silin gashi masu ido biyu manne a jikin baho. Kwana biyu zuwa uku ba sa cin komai, guzurin gwaiduwa da ke cikinsu suke sha. Da suka fara iyo, aka shiga maganar abinci, a nan na yi asarar farko.

Mai shagon ya ba ni wani garin abinci a ƙaramin kwali, wai na jariran kifi ne. Babu ranar ƙarewa a jiki, rubutun kuma da harshen da ni da shi duk ba ma karantawa. Garin yana nutsewa ya kwanta a ƙasa, ƴaƴan ba sa kula shi, ya ruɓe. Na ƙara da gwaiduwar dafaffen ƙwai da na murje a ƙyalle, kamar yadda wani ya ce mini. Suna ci, amma gwaiduwa ta fi garin saurin ɓata ruwa. Cikin mako guda ɗaruruwan ƴaƴa suka koma ƴan ƙirge, ragowar ma cikinsu a shafe kamar allura. Laifin rabi nawa ne, hannuna ya yi nauyi wajen zubawa. Rabin kuma na garin ne, kuma ba zan ƙara sayensa ba ko kyauta.

Abin da ya sa har yanzu nake taka ƙafa zuwa shagon shi ne ƙwan artemiya. In za a rufe komai a bar abu ɗaya, wannan za a bari. Wani ɗan mitsitsin jatan lande ne na ruwan gishiri, ana kwaso ƙwansa a busar kamar garin ƙasa, gwangwanin da yake da shi daga babban tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka ya fito. Gwangwani guda ya fi ƙarfin aljihun irina, sai yake auna mana a cokali, ƙaramin ƙulli sefa 1,500, yana kai ni kwana goma. Shi ya haɗa mini abin ƙyanƙyasar da hannunsa bai karɓi ko dala ba: gorar ruwan sha ta lita ɗaya da rabi a yanke gindinta a kifa ta, a zuba ruwa lita ɗaya, gishiri wajen giram 25 zuwa 30, ƙwan rabin ƙaramin cokali, a sa tiyon iska har ƙasa ya riƙa tafarfasa, a bar fitila kusa. A ɗumin garinmu awa 24 ta isa. In ka cire iskar ka jira minti biyar, ɓawon zai taso sama, ƴaƴan masu ruwan lemo su taru a ƙasa wajen haske suna tsalle. Ka zuƙo su da tiyo, ka tace a ƙyallen shara-shara, ka ɗauraye gishirin, ka zuba. Gora biyu nake kafawa, ɗaya da safe ɗaya da yamma, domin amfaninsu yana cikin sa'o'in farko, in suka kwana sun ƙone abin da ke jikinsu.

Allah ya sa macen ta sake zubawa bayan kamar mako uku. Wannan karon da artemiya na tarbe su. Minti goma bayan an zuba, ka ɗauki tocila ka duba, kowane ɗan kifi cikinsa ya yi tulu ya koma ruwan lemo. Abinci mai motsi ne, shi ya sa suke binsa, kuma yana rayuwa ƴan sa'o'i a ruwan daɗi kafin ya mutu, ruwa ba ya saurin lalacewa. Sau huɗu a yini nake ba su. Bambancin girma tsakanin waɗannan da ragowar na farko, ko makaho ya shafa zai ji.

Sau ɗaya ya auna mini daga gwangwanin da ya daɗe a buɗe kan kanta, zafi da laima sun taɓa shi, ko kwata bai ƙyanƙyashe ba. Na mayar masa da gorar yadda take. Bai yi gardama ba, ya canja mini, tun daga ranar kuma a firijin mai sayar da lemo na kusa da shi yake ajiye gwangwanin. Duk wanda zai saya ya tambaya daga ina aka ɗebo.

Sai maganar tankaɗe, wadda ita ce ainihin sana'ar, kuma a nan ne yaron ya nuna mini ya san abin da yake yi. Da ƴaƴan suka yi mako biyu da ƴan kwanaki ya hau moto ya zo har gida da farin kwano. Yana ɗibar goma-goma yana dubawa daga sama, yadda Japanawa ke duba ranchu a gasarsu. Jelar kifin ado biyu ce, ta buɗe dama da hagu daidai wa daida. Wasu sukan fito da jela ɗaya irin ta kakanninsu na kogi, wasu jelar a haɗe ta tsuke kamar wandon da aka ƙure wa ƙafa, wasu kashin bayan ya lanƙwashe. Duk waɗannan gefe. Na ƙirga abin da ya bari, daga wajen 400 saura 130. Raina ya ɓaci, na ce ɗana, wannan ai kisan kai ne.

"Baba, in yadi kamu biyar ne, riga nawa za ka fitar?"

Ya kama ni da sana'ata. Baho ɗaya, abinci ɗaya, in baki ya yi yawa kowa zai tsumbure. Masu jela ɗaya kuma sun fi saurin iyo, su ke riga masu kyau kai wa ga abinci, sai ka wayi gari ka ciyar da waɗanda ba ka so, waɗanda kake so sun rame. Zagaye na biyu, da suka kai wata ɗaya da rabi, ni na yi da kaina, kuma a nan na gane shekara talatin na duban kafaɗar riga ba su tafi a banza ba. Karkatar da ba ta kai faɗin zare ba idona yana kamawa. Na bar 40. A wata na uku na bar 14. Waɗanda aka ware ba zubar da su na yi ba, masu lafiya na raba wa yaran unguwa da masu randunan da ke tara ƴaƴan sauro, nakasassun kuma wani maƙwabci mai kiwon tarwaɗa ya karɓa. A kogi dai kada a saki ko ɗaya, Binuwai ba ta rasa kifi ba.

Wani abu da bai gaya mini ba sai da na koma a fusace: ƴaƴan ba ja suke fitowa ba. Ruwan ƙasa-ƙasa ne kamar ƴaƴan karfasa, har uwargida ta ce an sayar mini da kifin madatsar ruwan Lagdo a farashin zinariya. Sai wajen wata biyu zuwa uku suke yin baƙi, sannan launi ya fara hawa daga ciki zuwa baya. Wasu sai sun kusa shekara, akwai ɗaya a wurina da har yau ya ƙi. Tsiron kan ma haka, a wata na huɗu na fara ganin alamarsa, kuma yana ci gaba da cika har shekara biyu ko fiye. Wanda ya yi saurin raba kifi saboda launi zai bayar da gwaninsa bai sani ba.

Azumin 2024 ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu, tsakiyar zafin da ke haura digiri 40, kuma kowa ya san halin tela da ɗinkin Sallah. Ba na komawa gida sai dare ya raba. Ƴata ta biyu ce ta karɓi kiwon, ita ke canja sulusin ruwa kullum da la'asar, tana zuƙe kashin ƙasa da robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, wadda ke da ɗan makunnin rage gudu, ba ta haɗiye ƴaƴan. Ruwan famfo ba ya shiga baho kai tsaye saboda sinadarin kulorin, sai ya kwana biyu a randa, randar kuma ta sanyaya shi a kan hanya.

A nan shawarar mai shagon ta fi abin da na gani a bidiyon intanet. Masu kiwon ƙasashen waje cewa suke a bar ƴaƴa a ruwa marar zurfi, santimita 10 zuwa 15, don jiki ya dunƙule jela ta buɗe. Da sanyi haka na yi, kuma ya yi. Amma ruwa kaɗan saurin ɗaukar zafi gare shi, ruwan zafi kuma iskar da ke cikinsa raguwa take yi daidai lokacin da kifi ya fi buƙatarta. Ya ce in Maris ya kama in ƙara zurfi zuwa santimita 35, in ja bahon ƙarƙashin rumfa, in naɗe jikinsa da jiƙaƙƙen buhun algarara, in daina ba da abinci daga hantsi zuwa la'asar. Da haka ma'aunin zafina bai wuce 31 ba ko a ranakun da kwalta ke narkewa.

Abin da bai hango mini ba shi ne wuta. Injin iskar da ya sayar mini na lantarki ne zalla. Wani dare a goman ƙarshe wuta ta ɗauke tun isha, muka tashi sahur muka tarar da manyan a saman ruwa suna haki, namiji ɗaya ya riga ya kife. Yarinyar ta yi kuka har ta kasa cin abinci. Akwai injin iska mai batir a ciki da ke ci gaba da aiki in wuta ta tafi, a lokacin ba ya kawo shi, sai da na sa aka sayo mini daga Yola. Yanzu yana da shi a kanta, kuma ina ganin bai kamata ya bar kowa ya fita da kifi ba tare da shi ba.

Ƙorafina na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Ba ya keɓe sabon kaya. Ranar da leda ta iso daga Duwala, ranar kifi ke shiga akwatin sayarwa. Da damina na sayi ryukin ɗaya, na yi gaggawa na haɗa ta da nawa, bayan kwana biyar duk suka fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki a baho. Gishirin ne ma ya cece su, giram 3 a kowace lita, na sa shi kashi uku cikin kwana biyu, na riƙe haka kusan mako biyu. Ban rasa ko ɗaya ba, amma ƙananan sun tsaya da girma wajen wata guda. Duk abin da ka saya a shagon, ka ba shi bahonsa shi kaɗai mako uku kafin ya ga sauran.

Abincin manya kuwa yana da Hikari na Japan mai nutsewa, yana da kyau, ruwa ba ya gurɓata da shi, amma kuɗinsa sai a hankali. Kifin nan ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, hanji ne zalla, kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi masa, masu dunƙulallen jiki kuma in suna kamun abinci a saman ruwa wasu kan rikice su riƙa iyo a karkace. Ni ina haɗa Hikarin da ƙananan ƙwayoyin abincin ƴaƴan tarwaɗa da nake jiƙawa tukuna, da dafaffen alayyafo sau biyu a mako. Shi da kansa ya ce in yi hakan, alhali ciniki yake rage wa kansa.

Daga cikin 14 ɗin nan, tara na nan, shekararsu ɗaya cif a wannan watan, babbansu ya kai santimita 11 ban da jela. Biyu mai shagon ya saya a hannuna ya sa a kwatamin baya, ba a gilashin gaba ba, kuma na fi jin daɗin wannan a kan kuɗin. Makon jiya ya kira ni wai ranchu shida sun iso, in zo in duba masa bayansu kafin ya sa farashi, don ya ce idona ya fi nasa kama ƙusumbi. Na je da farin kwanona, huɗu sun wuce, biyu akwai ɗan tsinin ƙaya a inda fiffiken baya ya kamata ya ɓace. Na ɗora hannu a kan ɗaya daga cikin huɗun, tana can a bahon keɓewa bayan ɗakin girki, saura kwana goma sha biyu.